Abin da Laman Bango Yake Karantawa

Putit aka raɗa mata, wato mai janyo ɗa namiji, saboda ita ce mace ta huɗu a jere kuma haƙurin ubanta ya fara ƙarewa. Ta kuwa yi aikin sunanta, bayan shekara biyu aka haifi Stobdan. Daga nan sai gidan ya riƙa kallonta kamar wadda ta gama abin da ya kawo ta, saura a san inda za a ajiye ta.

Ƙauyensu, Lungmar, gida goma sha tara ne a manne da jikin dutse, can ƙarshen wani kwari na ƙasar Ladakh mai manyan tsaunuka, inda gona ba ta ƙaruwa ko da taƙi ɗaya komai yawan bakin da ke jiran ta. An aurar da yayyenta uku. Ita tana shekara tara aka zaunar da ita a tsakar gida, wani lama, malamin addininsu, ya datse mata gashin gaba, aka aske sauran, aka yafa mata jan mayafi, aka ce daga yau ta zama chomo, an ba da ita ga addini. Ta yi murna ranar har ta kasa cin abinci. Ta ga yadda ake yi da yara maza in an ba da su: a haura da su babban gidan lamomi da ke bayan tsauni, a ajiye musu littafi a gaba, su dawo bayan shekaru suna karatu ana zuba musu shayi. Ta ɗaure 'yan kayanta ta zauna jira. Kwana uku tana jira, a na huɗu uwarta ta miƙa mata kwando ta ce kashin shanu ba zai tsinci kansa ba.

Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ya iya dabara. Ka ba da 'yarka ga addini, ka sami lada, addinin kuma ya bar maka aronta har ta mutu. Chomo ta gida ba ta aure, ba ta gado, ba a koya mata ko harafi ɗaya. Tana ban-ruwa, tana girbin sha'ir, tana goyon 'ya'yan ƙaninta, in biki ya tashi kuma a ce ta koma can baya tunda ita ba ta duniya ba ce. Putit ta goyi 'ya'yan Stobdan biyar, babu wanda ya taɓa yin kuskuren kiranta uwa. Ane-le suke ce mata, gwaggo.

Abu ɗaya ne na addinin ya iso hannunta, shi ne mabuɗin ɗan ɗakin ibada da ke saman ƙauyen. Babu lama mazauni a wurin, sai wanda ake turowa sau ɗaya a wata. Kullum da safe takan hau matakala ɗari da goma sha huɗu da tulu a baya, ta cika tasoshin tagulla bakwai da ruwa, ta gyara lagwanin fitilar man shanu, ta yi shara. Akwai littattafai goma sha biyu a jere a kan wata kanta, dogayen takardu marasa ɗinki da aka matse tsakanin katako biyu aka naɗe da rawayan ƙyalle. Ita ke kaɗe musu ƙura. Da bazara, in za a zagaya gonaki da su don neman albarka, ita ke goya mafi nauyi. Ta ɗora su a ka, ta taɓa su da goshi, amma ba ta taɓa kwance igiyar ko ɗaya ba.

Bangon ɗakin cike yake da manyan zane-zane, masu hannu da yawa, masu zare ido, waɗanda kowa ke durƙusa wa. Amma a bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, inda sai mai shara ne zai lura, akwai wani ɗan zane da bai fi faifai girma ba. Wani tsohon lama ne zaune a bakin kogo shi kaɗai. Ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, ɗaya ya ɗan karkace. Ga ƙoƙon shayi kusa da gwiwarsa, da ganinsa ya manta da shi har ya huce. Ya shimfiɗa takarda a cinya, ya sunkuyar da kai, ya ɗora yatsa ƙarƙashin layi na uku, bakinsa a ɗan buɗe. Jan mayafinsa ya koɗe ya koma kalar ƙasa, danshi ya cinye rabin kogon, amma takardar tana nan fes, layi biyar na baƙin rubutu ƙanana-ƙanana. Babu wanda ya san sunansa, tsofaffi sun ce kakanninsu ma haka suka tarar da shi. Putit ta sa masa Meme-le, kaka.

A duk bangon nan shi kaɗai ne ba ya kallon kowa, kuma abin da ya kama ta ke nan. Yana zaune shi kaɗai kamar yadda take ita kaɗai a cikin gida mai mutum tara, amma shi abin bai dame shi ba. Fuskarsa a kwance take. Ta tabbata a ranta cewa dalilin yana cikin takardar nan, a daidai inda yatsansa ya tsaya. Tana yarinya takan baje toka a bakin murhu, ta ja layi da tsinke, ta rataya masa 'yan ƙugiyoyi da ɗigo-ɗigo yadda ta ga rubutu yake, sannan ta sunkuyar da kai tana motsa baki. In ta ji motsin mutum sai ta share da ƙafa.

Tana shekara goma sha huɗu ta yi ƙarfin hali ta tambayi laman wata, wani mai ƙiba da ba ya son matakala.

"Lama-le, me aka rubuta a nan?"

Ya sunkuya da ƙyar, ya duba, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ba abin da zai amfane ki ba ne, yarinya. Shayin nan ya yi sanyi, ɗumamo shi."

Ta ɗumamo shayin. Amma tana saukowa ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara tambayar kowa ba, da idonta za ta karanta ko ta mutu ba ta sani ba. Putit tana da taurin kai, sai dai taurin kan macen da ba ta da lokacin kanta ba ya zuwa ko'ina. Alkawarin ya zauna shekara arba'in da tara yana jiran a gama girbi.

A cikin shekarun nan Meme-le ne abokin hirarta. In ta gama shara takan jingina da bango kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, ta gaya masa saniya ta haihu, ta gaya masa gwiwarta na ciwo, ta gaya masa abin da matar Stobdan ta ce da abin da ita ta haɗiye. Wani lokaci ba ta cewa komai, ta zauna tana jan carbi tana kallon hasken da ke shigowa ta ƙofa yana rarrafe a ƙasa har ya taɓa takalmansa, sannan ta san lokacin sauka ya yi. Ba ya ɗago kai, ita kuma ba ta jin haushi. Mai karatu ba a katse shi.

Sai hanyar mota ta iso kwarin, ta fara kwashe mutane. Samari suka tafi birnin Leh, suka dawo suka ɗauki matansu, suka sake dawowa suka ɗauki iyayensu. Stobdan ya rasu. Gidajen da ke fitar da hayaƙi suka koma shida. Angdus, babban ɗan Stobdan, wanda ta goya har bayanta ya yi kanta, ya zo da motarsa ya tsaya a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba.

"Ane-le, ki haɗa kayanki mana. Ga ɗaki can, ga wuta, ga yara suna buƙatar mai kula da su."

"Na goyi ubanka, na goye ka. Bayan nawa ya ƙare, Angdus."

"To wa za ki zauna da shi a nan? Duwatsu?"

"Wa zai zuba ruwa a tasoshi?"

Ya kaɗa mabuɗin motarsa, ya ajiye mata buhun shinkafa, ya tafi. Ranar ce rana ta farko a rayuwarta da babu wanda zai aike ta, kuma ba daɗi ta ji ba, tsoro ta ji. Gidan mai ɗaki takwas ya yi mata shiru har tana jin ƙarar haɗiyar yawunta. Ta dafa abincin mutum ɗaya ya ishi huɗu, don hannunta bai san awon mutum ɗaya ba.

Da ranin nan wata ma'aikaciyar lafiya ta zo, ta haska mata ido, ta ce yanar ido ce, na hagu ya yi nisa, na dama yana biye. Ta ce ana cirewa a Leh. Putit ta gode mata. Ta san yadda zuwa Leh yake ga tsoho, ba ta ga wanda ya sauka ya dawo ba. Ta hau ɗakin ibada, ta rufe idon dama da tafin hannu ta dubi Meme-le, sai ta ga wani jan dishi-dishi kawai, takardar ta ɓace. Ta daɗe a tsugune kafin ta miƙe.

Mutum ɗaya ne ya rage a Lungmar da ya iya karatun littafi, kuma shi ne wanda ba ta so ta roƙa. Morup ya girme ta da shekara biyar, shi ya sa take ce masa Acho, wato yaya. An ba da shi gidan lamomi yana yaro, ya gudu yana da goma sha biyar ya bi masu dawaki, ya yi dakon kayan sojoji, ya dawo da tari da baki mai kaifi. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'yarsa tana Leh. Putit ta ɗauki curin man shanu ta hau tsanin gidansa, ta same shi a kan soro yana shan hantsi.

"Chomo-le da kanta a sorona? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Kai ne dai na gaba, shi ya sa na yi sauri."

Ya zuba mata shayin gishiri. Ta ƙi sau biyu kamar yadda ake yi, a na uku ta miƙa ƙoƙo. Ta tura masa man shanun.

"Karatu nake so ka koya min, Acho Morup."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekararki nawa?"

"Sittin da uku. In ka bar karatun a wutsiyar dawaki ne ka faɗa, in ɗauki man shanuna."

"Yana nan, ya ɗan yi tsatsa ne. Me za ki karanta, takardar aure?"

Ta gaya masa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, sai maganar ta fito a karkace, amma ya gane: laman bayan ƙofa, takardar cinyarsa, layi na uku. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya buɗe baki.

"Ai wannan takardar..."

"Kada ka kuskura," in ji ta. "In ka san abin da ke ciki, riƙe abinka. Ka furta min kalma ɗaya daga ciki, ba ni ba kai har a ƙone gawata."

Ya daɗe yana juya ƙoƙonsa. "To," ya ce. "Gobe in kin sauko, rana ta hau soro."

Washegari ta tafi da farin ƙyalle irin wanda ake rataya wa baƙo ko matafiyi a wuya, ta cusa ƙusa biyu a tsagin bango, ta rataya shi ya rufe takardar Meme-le, fuskarsa kawai a waje. Ba ta so ta riƙa tsintar harafi ɗai-ɗai kamar kaza. Rana ɗaya take so ta ɗaga ƙyallen ta karanta daga farko har ƙarshe.

Morup ya fito da allon da ya gudo da shi tun yana yaro. Akan shafa masa mai, a barbaɗa toka, a rubuta da tsinke, in an gama a hure. Suka fara da haruffan farko: ka, kha, ga, nga. Hannun da ya shekara hamsin yana riƙe lauje ya ƙi tsinke. Haruffanta suka fito a kwance kamar shanu da rana.

"Wannan ka ne ko garma?"

"In malami ya iya, ɗalibi na iyawa."

"Malamina da kin yi masa wannan da ya fasa miki allon a ka."

"Shi ya sa ka gudu ai."

Hunturun farko haruffa talatin suka ci shi. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ƙauyen ya rage su goma sha ɗaya, amma kullum rana ta hau soro Putit na kan tsani. A hunturu na biyu suka shiga haruffa masu hawa kan juna, wani a ka, wani a ƙafa, wani a rubuta shi amma ba a furta shi. Ta ce wanda ya tsara wannan ba ya so mata su iya. Ya ce ba ya so kowa ya iya. Da ya ga tana kai allon har hanci, sai ya cire tabaransa mai ɗaurin zare ya ɗora mata, suka riƙa karɓa-karɓa, ya sa ya rubuta, ta sa ta karanta. Takan zo da miyar sha'ir a tukunya, wai ta yi mata yawa. Yakan ajiye mata busasshen cuku, wai haƙoransa ba sa iyawa.

Wata safiya da bazara tana saukowa, ta bi ta gefen tarin duwatsun addu'a masu sassaƙen rubutu da ta wuce sau dubbai, sai idonta na dama ya faɗa kan wani dutse, bakinta ya furta abin da ke jikinsa tun kafin ta yi niyya. Ta tsaya cik da tulu a baya. Ta karanta na kusa da shi, ta karanta na gaba. Ranar sai da rana ta bar soro ta iso, Morup na tsaye a bakin tsani yana leƙe, ya ce shi ba jiranta yake ba, iska yake sha.

"Na isa in ɗaga ƙyallen?" ta tambaye shi.

"Da sauranki. Tsohon rubutu ya fi na dutse wuya."

Da kaka ta sake tambaya, ya ce akwai wasu haruffan aro da ba su taɓa ba. A hunturu na uku ta karance ɗan littafin addu'arsa daga bango zuwa bango, ya ce tana sauri da yawa, su sake. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya fara ganin zobe a jikin fitila. Ta ce masa lokaci fa na tafiya. Ya ce saura kaɗan. Kullum saura kaɗan, kuma in ya faɗa ba ya kallon ta.

Tarinsa ne ya yanke maganar. Da kaka ta huɗu ya fara tofar da jini, labari ya kai Leh, 'yarsa Chorol ta zo da mota ta ce ba za ta koma ba sai da shi, kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ana gobe za su tafi Putit ta hau soro ta same shi a naɗe da bargo, babu allo a gabansa. Ya cire tabarau ya sa mata a hannu ya rufe yatsunta a kai.

"Kin iya, Chomo-le. Tun bara kin iya."

Da safe ta hau matakala, ta cika tasoshi bakwai, ta yi shara har lungun da ba ya buƙata. Ta wanke hannu. Ta buɗe ƙofar sosai don haske, ta durƙusa, ta sa tabarau, ta ce, "Meme-le, ka yi haƙuri, yau zan leƙa." Ta sauke ƙyallen.

Ta fara daga layin farko. Harafin farko ya yi kama da ka, amma ƙafarsa ta tafi wani wuri. Na biyu ba ta san shi ba. Ta goge tabarau, ta kawo fitila kusa. Ta koma layi na uku, inda yatsan yake, ta bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ta bi na huɗu, ta bi na biyar. Babu harafi ko ɗaya. Layi ne aka ja, aka rataya masa 'yan ƙugiyoyi da ɗigo-ɗigo, tsaf-tsaf, daga nesa rubutu, daga kusa ba komai.

Ba ta san yadda ta sauko matakalar ba. Ta tarar Chorol na ɗaure kaya a kan mota, sauran mutanen ƙauyen sun taru, Morup na zaune a gaba ƙofa a buɗe. Da ya ga fuskarta sai ya ce wa 'yarsa ta je ta duba ko an rufe rumbu.

"Ka sani," in ji Putit.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ina da shekara goma sha biyu. Mun zo da malaminmu, muka leƙa, muka yi ta dariya."

"Laman nan mai ƙiba ma ya sani ke nan."

"Duk wanda ya iya karatu ya sani, Chomo-le."

Wannan ta fi komai yi mata ciwo. Shekara hamsin tana durƙuso gaban abin da yara 'yan shekara goma sha biyu suka yi wa dariya. Ta matso jikin ƙofar motar.

"Hunturu uku ina hawa tsaninka da wannan gwiwar. Ka bar ni."

"Ke kika hana ni faɗa."

"Yaushe ka fara jin maganata? Na ce ka bar taba, ka bari?"

Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. Da ya yi magana ƙasa-ƙasa ya yi ta, yana kallon gwiwoyinsa.

"Ranar farko na so in faɗa. Sai na duba, tun da uwar Chorol ta rasu babu wanda ya taka tsanin nan sai mai kawo saƙon mutuwa. Na ce bari in bari sai gobe." Ya shafa gwiwarsa. "Goben ce ta yi yawa."

Tana da maganganu da yawa a baki, masu zafi, kuma duk ya cancance su. Chorol ta dawo, direba ya tayar da mota, mutane suka matso kowa na rataya wa Morup farin ƙyalle na sallama. Sai Putit ta ga ashe nata yana dunƙule a hannunta tun daga sama, ya yi baƙi-baƙi da hayaƙin shekara uku. Ta jefa masa shi a wuya da ƙarfi kamar mai ɗaure akuya, ta ja gefe biyun suka daidaita. Ba ta ce ya sauka lafiya ba, shi ma bai ce sai ya dawo ba. Ta tsaya har ƙurar motar ta kwanta.

Kwana uku ba ta hau sama ba. Tun tana shekara tara ba a taɓa yin haka ba, ko ranar da aka ƙone gawar uwarta sai da ta cika tasoshi. Ta zauna a bakin murhu. In rana ta hau soro sai ƙafarta ta motsa da kanta, sannan ta tuna an sa kwaɗo a gidan. Ta yi kewar Morup, ta ji haushin kanta da take kewarsa. Kaɗaicin da ta sani a da mai sauƙi ne ashe, don a lokacin ba ta san yadda ake zama da mutum ba.

A rana ta huɗu ta hau, don ruwan da ya kwana uku a tasoshi zai daskare ya fasa su. Ta zubar, ta cika sabo. Ta yi niyyar fita ba tare da ta kalli bayan ƙofa ba, amma tsintsiya ta kai ta. Yana nan yadda yake, kai a sunkuye, shayinsa ya huce. Ta sa tabarau ta sake duba takardar, wannan karon ba don ta karanta ba.

Wanda ya yi zanen bai yi gaggawa ba. Kowace ƙugiya ya ja ta da kulawa, ya bar tazara daidai, ya sa ɗigo inda ya ga masu rubutu na sawa. Ta san wannan hannun. Irin abin da take yi ne a toka a bakin murhu, ta share da ƙafa in ta ji motsi. Mutumin ya iya zana takalmin da ya karkace da fuskar da ta kwanta, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa wannan ka ne. Ya tsaya a bayan masu karatu yana leƙe, ya ga yadda fuskarsu take yi, ya zo bayan ƙofa inda ba mai dubawa ya zana abin da yake so ya zama. Haushin ya sauka daga ƙirjinta, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa, tausayi ne, na mai zanen, da na tsohon nan da aka bari da takarda a cinya shekaru ɗaruruwa yana jira ta yi magana.

Ta miƙe ta je wajen kantar littattafai. Ta sauko da littafin da ta saba goyawa, mafi nauyin, ta taɓa shi da goshi, ta zauna a wurinta, kafaɗa da kafaɗa da shi. Igiyar ta ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ta ɗaga katakon, ta ɗauki takardar farko ta shimfiɗa a cinya, ta karkata ta wajen hasken ƙofa yadda idon dama zai samu, ta ɗan tura ta gefensa kuma yadda shi ma zai gani.

Ta ɗora yatsa ƙarƙashin layin farko ta fara, da ƙarfi, gaɓa-gaɓa. A kalma ta shida ta ci karo da haruffa uku a kan juna, ta tsaya, ta jira a gyara mata kamar yadda ta saba. Babu wanda ya yi tari, babu wanda ya ce garma ce. Iska ce kawai ke taɓa ƙofa. Ta juya ta dubi Meme-le.

"Kai ma ba ka sani ba ko," in ji ta. "To bari in sake. Ka saurara da kyau, ido ɗaya gare mu, kuma ba zai daɗe ba."

Ta mayar da yatsa farkon layin.